Faɗuwar Gaba Ba Ta da Turanci

Ɗana na fari direba ne. Ba na faɗin sunansa, ba na zama hira da shi. Haka na tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari, haka nake yi. In ina da magana, matarsa nake kira in ce, "Ki gaya wa wancan."

Shanu yake ɗauka daga kasuwar Mai'aduwa ya kai Kudu. A wata tafiya 'yan bindiga suka tare su a daji. Shi ya dawo, abokin tuƙinsa bai dawo ba. Babu ko ƙwarzane a jikinsa, kowa ya zo barka. Ni kuwa ina kallo. Murfin tukunya in ya faɗi, sai ya zabura ya manne da bango, gumi na karyo masa. Ya daina zama ya ba ƙofa baya. Motar ma ko kusa da ita ba ya zuwa.

Muka je asibiti, aka tura mu Katsina. Likitan ɗan Kudu ne, mai haƙuri, amma ba ya jin Hausa. Wancan yana da Turancin hanya, buroka, wanda ya koya a tasha. Na ga ya dafe ƙirji yana bayani. Aka manna masa wayoyi, aka ce zuciya lafiya ƙalau, aka ba shi maganin olsa.

A mota na ce matarsa ta tambaye shi me ya gaya wa likita.

"Cewa na yi gabana yana faɗuwa."

"Da Turancin yaya ya faɗa?"

"Na ce ƙirjina yana gangarowa ƙasa. To me zan ce?"

Ashe ƙirjin suka yi ta aunawa. Faɗuwar gaban tana nan inda take, babu wanda ya ji labarinta.

Baffansa, ƙanin marigayi mijina, shi ne babba a gidan. Ya ce tunda asibiti ba su ga komai ba, to taɓin hankali ne ko iska. Akwai wani gida can gabas da ake kai irinsu, a sa musu mari a ƙafa. Ya ce da zarar an yanke gero zai kai shi. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga can. Na ga idon sawunsa. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai.

Ana haka wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda wancan ke ciniki a shagonsa, ya zo dubiya. Ya ga yadda ya zabura da aka bugi ƙyaure. Da zai fita ya rage murya.

"Mama, wannan ba ciwon allura ba ne. 'Yata tana aiki a Kano, irin mutanen nan take gani. Magana kawai take yi da su. A bayan tasha aka haife ta, Hausarta ta fi tawa."

"Magana ce magani?"

"Ita ta karanta, ba ni ba. Ƙarshen wata za ta zo gida."

Da na kai wa Baffa zancen, sai ya ajiye carbi.

"Mace, kuma ba musulma ba, ta keɓe da shi a ɗaki? Yanzu da ake shari'a? So kike gari ya ɗauka?"

"Ba za su keɓe ba. Ni zan zauna."

Ya yi dariya. "Ke? Gaban ɗan fari? To ki zauna mu gani. In ya haukace mata, ranar zan ɗauke shi, ba sai an yanke gero ba."

'Yar Ibon ta zo da hantsi. Na ƙare mata kallo tun daga ƙofa: ta yi lulluɓi, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar Daura. A zaure muka zauna. Ita can, shi ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa, ni a lungu na juya kai. Baffa yana waje a kan benci, kunnensa na ciki.

Ta ce, "Yayana, me kake ji?"

"Gabana ke faɗuwa."

Ba ta dubi ƙirjinsa ba. Ta ce, "Kamar abin yanzu zai sake faruwa?"

Ya ɗago kai. Tunda ya dawo ban ga ya dubi mutum haka ba.

Suka ɗan yi nisa: barci, ƙarar da ke tayar masa da hankali. Sai ta ce, "Ko za ka iya gaya mini abin da ka gani a dajin?"

Ya saci kallona, ya sunkuyar da kai. Ina jin bencin Baffa yana ƙara. In na fita, Baffa zai tashi zaman. In na zauna, yaron ba zai buɗe baki a gabana ba. Nawa gaban ya shiga faɗuwa.

Yarinyar ta dube shi, ta dube ni.

"Mama, in kin yarda, zan sa mana labule."

"Wane labule a zaure?"

"Turanci."

Na ce, "Sa."

Ta juya harshe zuwa buroka. Da fari kalma ɗaya-ɗaya yake ba ta, sai magana ta ɓalle. Ban gane komai ba. Na dai ji sunan abokinsa, na ji "Inna" a tsakiya, na kafa ido a saƙar tabarma. Muryarsa ta karye. Rabon da in ji kukansa tun ranar kaciya. Da numfashinsa ya fara sarƙewa sai ta dawo Hausa: "Dafa ƙasa. Zauren gidanku ne. Ja iska a hankali." Ya lafa, suka koma bayan labulensu.

Baffa ya faɗo ciki. "Ga shi nan, ta tayar masa! Me suke cewa?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba kike zaune? A tashi!"

Na miƙe na tsaya tsakaninsu. Ban taɓa yi masa haka ba.

"Malam, ka taɓa ganin mahaukaci yana kunyar uwarsa? Ya ga ina nan ya yi shiru. Sai da aka canza harshe ya yi magana. Wannan za ka sa wa mari?"

Ya dubi yaron, wanda ke ta goge fuska da hula don kada in gani. Sannan ya ce, "Mu ga girbi," ya koma bencinsa.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, bai sake tayar da zancen ba. Yarinyar ta yi ta zuwa, ni ma na yi ta zama a lunguna. Ban taɓa tambayarta me ya ce ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini ba. Bai warke rana ɗaya ba, har yau ƙara mai ƙarfi takan girgiza shi.

Wata rana na dawo daga unguwa na same shi a tsakar gida yana gyaran rediyo, ya ba ƙofa baya. Bai ma ji shigowata ba. Na tsaya na kalli ƙeyarsa. Sannan na kira matarsa.

"Ki gaya wa wancan ya gyara zama, ya tare mini hanya."