Man Zaitun a Wayar Giya

Shekara talatin Jakša yana gyaran injin jiragen ruwa a tsibirinmu na Murter, ban taɓa ganin ya toshe hanci ba sai ranar da kawunsa Roko ya kawo jirginsa, wai giya ta ƙi shiga.

Jakša ya kwance ƙafar injin da ke bayan jirgin, ya zaro wayar giya daga kubenta na roba. Wani baƙin maiƙo mai ɗoyi ya biyo ta, robar duk ta ruɓe.

"Kawu, me ka ɗura a nan?"

"Man zaitun ɗin gonata, tatsar farko," in ji Roko. "Da shi kakanka yake shafe komai na jirgi."

"Kakana da filafili yake tuƙi, Kawu."

Haka ya sa sabuwar waya da sabon kube, yana aiki yana tofar da yawu. Washegari sai ga Roko da tukwici, kwalbar man nan dai.

A garin nan ba wanda ke cin gasasshen kifi babu man zaitun. Jakša kam har yau gaya yake cin nasa.