Gwiwar Yaya Réjean

Yayana Réjean Gaudreault shanu yake tatsa a ƙauyenmu na bakin tafkin Saint-Jean, amma duk wanda ka tambaya, mai tsaron raga zai ce maka. Tun yana saurayi yake tsare wa ƙungiyar garinmu raga a wasan hokin ƙanƙara, har furfura ta fito masa. Aikin kuwa na durƙuso ne. Da an harbo faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, sai ya zube da gwiwoyi biyu a kan ƙanƙara, tim, da duk nauyinsa. Shi kuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

Matasan kariyar da yake ɗaurawa a ƙafa na Babanmu ne, na fata, cike da gashin barewa. Gashin ya daɗe da kwanciya, wajen gwiwa ya koma kamar tabarma. Da kaka likita ya duba gwiwarsa ta hagu, ya ce ƙoƙon ya fara tsagewa, faɗuwa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta raba shi da tsugunno a gindin saniya. Réjean ya ce to, ya koma raga abinsa.

Tsiyar ita ce bana sai nasara suke yi, masu tsaron raga kuwa in ana nasara ko safa ba sa canzawa, don camfi. Matarsa Ghislaine ta faki idonsa ta farke matasan, ta cusa soso mai kauri, ta ɗinke. Ranar wasan ƙarshe da ƙauyen maƙwabta na kai masa shayi ɗakin shiri, na tarar da shi da wuƙa yana zaro soson.

"Yaya, kana da hankali kuwa?"

"Ke Solange, ba a taɓa kayan da ke ci. Ko yaro ya san wannan."

"Shanun fa? Ni zan tatsa maka? In kunne ya ji dai..."

Kyaftin ɗinsu Normand yana ɗaura takalmi ya ƙyalƙyale da dariya. "Ƙyale tsoho, Solange. Gwiwar nan ta girmi motata, kuma ta fi ta lafiya."

Babu wanda ya san maganar likita a cikinsu. Réjean ya watsa mini harara, na fita raina a ɓace.

Ni da Ghislaine muka tsaya a bayan gilashin da ya kewaye filin, duk durƙuson da ya yi sai ta matse mini hannu. Muna gaba da ci ɗaya, lokaci na shirin cika, sai wani dogo daga cikin 'yan ƙauyen maƙwabta ya kufce wa masu tsaron baya, ya taho shi kaɗai. Réjean ya zube. Duk da ihun jama'a, sai da na ji ƙarar gwiwar. Faifan ya bugi matashin ƙafarsa ya koma, aka tashi wasa.

Shi bai tashi ba. Kansa a ƙasa, hannunsa a kan gwiwa.

A wajenmu kuwa in aka ci kofi, 'yan wasa watsar da sanduna suke yi, su ruga su haye mai tsaron raga, wani kan wani. Na ga sun diro daga benci gaba ɗaya. Na dinga dukan gilashin ina cewa, "Normand! Ku tsaya! Kada ku hau shi!" Wa zai ji ni? Normand ne ya fara faɗa masa, sauran suka biyo. Réjean yana ihu a ƙarƙashinsu, su ma suna taya shi, sun ɗauka na murna ne.

A asibiti likita ya ce faɗuwar ta fasa ƙoƙon, wannan da an gyara. Nauyin da ya danne ƙafar tana lanƙwashe shi ya tsinka jijiyoyin. Réjean ya dube ni, ya dubi matarsa.

"Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan," in ji shi.

Da bazara aka sayar da shanun. Duk Lahadi Normand da sauran suna zuwa su tallabe shi zuwa mota, su kai shi kallon wasa, suna ta ba wa baƙi labarin harbin da ya tare da gwiwarsa. Shi kuma sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ƙanƙara ce, ba ta da tausayi."