Siniyar da na ɗaure da waya

Shekarar da na gama sakandare likita ya hana autarmu cin alkama. Shekararta shida a lokacin, ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara, ga gudawa ba ta ɗaukewa. Sau biyu aka kwantar da ita a asibiti. A na biyun ne wani likita Bamisire ya zaunar da ni da Umma, ya ce cikin yarinyar nan ba ya karɓar alkama da sha'ir, ko ƙanƙani, kuma ba shi da wani magani sai hanawa. Ni yake kallo yana magana, don Larabcin Umma na cinikin kasuwa ne. Ya ce in ta ci gaba da ci za mu dawo masa da ita, kuma shi bai ɗauki alkawarin za ta tashi a karo na uku ba.

Faɗa da baki ba wuya. Amma duk wanda ya zauna a Jidda ya san ba a juyawa ba a ci karo da alkama ba. Da safe burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, da yamma sambusa, ga taliya, ga biskit a kowane kanti. Umma ta mayar da gidan kan tuwon shinkafa da kunun gero, irin cimar da iyayenta suka zo da ita, auta kuwa ta fara cikowa. Sai kuma gudawar ta dawo. Ran nan na kama ta a bayan garwar ruwa, ta cika kumatu da tamis. Na ƙwace ragowar, na ce wa ya ba ta. Ta ƙi faɗa. Na girgiza ta, ta ƙi. Abin da kawai ta ce, tana kuka: "Yaya, kowa ana kai masa siniya furun. Ni kullum kunu."

A unguwarmu Karantina ba gidan da ke da abin gashi. Risho muke da shi, da murhun gawayi. In mace ta kwaɓa abin gasawa sai ta zuba a siniya, wato babban tire mai baki, a kai furun, wurin mai gasa burodin unguwa, ya gasa in ya sauke burodinsa. Yara sun san siniyar kowane gida. Tamu kuwa tun dawowa daga asibiti ba ta leƙa waje ba.

Na ce to, zan yi mata. A makaranta an koya mana kek, amma kek ɗin malama duk fulawa ne da sukari, don haka na ɗauki yadda ake buga ƙwai kawai na bar mata sauran. Lokacin zafi ya fara sassautawa, motocin garin Ɗa'ifa suna sauke ruman da safarjal a kasuwa, ɗanyen dabino kuma ya yi araha. Safarjal ya yi kama da tuffa, sai dai tauri da bauri, ba ya ciwuwa sai an dafa. Na sa Baba ya sayo min su. Gero da shinkafa ban kai inji ba, don injin unguwar shi ke niƙa alkamar kowa. A turmi na daka, ina daka ina tsaki, Umma na zaune tana kallona.

"Wai ke da kika ce turmi aikin mutanen da ne?"

"Har yanzu ban canja magana ba, Umma. Miƙo min rariya."

Na dafa safarjal ɗin har ya yi ja ya yi laushi, na jera a ƙasan siniya. Na cire ƙwallon dabino na murje shi da ɗan madara, shi ne zaƙin, ban sa sukari ba. Na buga ƙwai har hannuna ya mutu, na zuba garin gero da na shinkafa, da man shanu kaɗan, da hel don ƙanshi. Na juye a kan safarjal. 'Ya'yan ruman na ajiye sai an gaso. Baba ya tafi da siniyar da la'asar, ya dawo da ita bayan magariba.

Tun daga ƙofa ƙanshi ya riga shi shigowa. Auta ta wanke hannu ba wanda ya ce ta wanke, ta zauna ta naɗe ƙafa. Na ɗaga ƙyallen da aka rufa, na kawo fitila kusa. Saman abin ya yi fari-fari. Na shafa da yatsa na ɗanɗana. Fulawa ce.

Baba ya ce mai furun ya ga kwaɓin ya yi ruwa, shi ne ya barbaɗa masa gari don ya yi ɓawo, har ya ce a gaya wa mai kwaɓin ta ƙara koyo.

Umma ta ce, "Ai ɗan kaɗan ne. Kankare saman ki ba ta. Dubi yadda ta zauna."

"Likita ya ce ko ƙanƙani."

"Likita ba shi zai kwana da kukanta ba."

"Ba ke za a sake ɗaura wa ruwa a hannu ba, Umma."

Baba ya ce in iya bakina. Na iya shi, amma na ɗauki siniyar na miƙa wa maƙwabta ta kan katangar kwano. Auta ba ta yi ihu ba. Tashi ta yi ta kwanta ta juya mana baya, ta ƙi kunun. Umma ma ta daina yi min magana har gari ya waye.

Kashegari na sake daga farko. Wannan karon na kifa wata siniya a kai, na samo waya na ɗaure su biyun ta gefe huɗu, na murɗe da filaya. Umma ta gani ta dafe ƙirji.

"Ke! Kin san abin da kika yi? Ba a ɗaure wa mai furun siniya. Ɓarawo kika ce da shi ke nan."

Gaskiyarta. A unguwar, siniya a buɗe take tafiya ko da ƙyalle, ko ta nama ce. Rufewa da ɗauri na nufin kana zargin zai ɗiba. Baba ya ce shi dai ba zai ɗauki wannan abin kunya ya ratsa layi da shi ya kai wa mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci ba. Na ce shi ke nan, ni zan kai. 'Yan mata ba sa zuwa furun, amma ban tsaya jin wannan ba. Na yafa abaya, na ɗora siniya a ka, na ja hannun auta don kada a ce na fita ni kaɗai.

Mai furun dattijo ne Bayamane, gajere, gemunsa da girarsa duk gari. Maza biyu na tsaye suna jiran burodi, suka matsa gefe kamar sun ga mota. Na sauke siniya a kan katakonsa. Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Mene ne wannan, ya binti? Zinariya ce a ciki?"

"Gero ne, ya ammi. A gasa a haka, kada a buɗe."

"Tun kafin a haife ki nake gasa wa uwarki. Ko cinyar kaza ta taɓa ɓata a hannuna? Ɗauki kayanki. Yalla."

"Ban ce ka ɗiba ba. Ƙarawa ka yi. Wa ya aike ka ka zuba min fulawa jiya?"

Ɗaya daga cikin mazan ya yi dariya ya rufe baki. Dattijon ya ce gyara ya yi min, kwaɓina kamar kunun marar lafiya. Na ce ai na marar lafiyar ne, na jawo auta gaba, don tun da muka iso take ɓuya a bayan abayata. Na ce masa wannan yarinyar alkama guba ce a cikinta, sau biyu tana kwanciya, likita ya ce na uku ba tabbas.

Ya sunkuyo ya dube ta. Sai ya ajiye doguwar cebur ɗin da yake zura burodi da ita.

"Wannan ce? Wannan 'yar da ke tsayawa a nan da hantsi?"

Auta ta ƙanƙame ni.

Ashe shi ne. Ya ce yana ganinta a bakin ƙofa, ramammiya, tana kallon burodi, sai ya ce a ransa gidan nan ba su da hali, yakan yago mata mai zafi sadaka. Kusan kullum. Ya riƙa cewa la haula, yana goge hannu a zanensa, yana ƙara gogewa. Na ce masa sadakar ce ke mayar da ita gado. Ban tausasa ba, don ban ga amfanin tausasawa ba a wurin.

Bai ƙara cewa in ɗauki kayana ba. Ya sallami mazan, ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗauki siniyar da wayarta ya zura ta can gefe inda wuta ba ta da ƙarfi. Ya ce mu koma gida, shi ba ya son mata a tsaye a ƙofarsa, za a ce ya buɗe kantin turare. Na ce ina nan. Muka tsaya a inuwar bango har ya fito da ita.

A gida na kwance wayar. Da yake a rufe ya gasu, bai yi ja ba, ya fito ruwan toka kamar tuwon gero, gefe ɗaya kuma ya zauna. Na kife shi a faranti safarjal ya dawo sama, na watsa 'ya'yan ruman, sai ya ɗan yi kyan gani. Umma ta gutsura ta ce hel ya yi yawa. Auta ta ci yanka biyu, ta nemi na uku na hana, ta ɗauki na ukun da kanta da na juya.

Muka zuba ido kwana biyu. Cikin bai motsa ba.

Daga nan duk Alhamis siniyarmu na fita a ɗaure, Baba da kansa yake kaiwa, har ruman ya ƙare a kasuwa na koma ayaba da gwaiba. Dattijon kuwa in ya hango auta ta nufo layinsa, tun daga nesa yake ɗaga mata cebur yana kora ta, ta dawo gida tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Ba a sake kwantar da ita ba.