Malama Hajara da kunun ayar da ba ya kai la'asar

Ina zaune wajen mai shayi da safiyar nan waya ta shigo: Malama Hajara ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gajeriyar jinya ce. Da yawanmu ba mu ma san ta kwanta ba.

Ga waɗanda ba su santa ba, ita ta duba mini furojet ɗin kammala karatu a jami'a, daga baya ta riƙe ni a lab ɗinta. Aikinta tatso mai daga kanumfari da citta da kimba, ta gwada ko zai hana abinci lalacewa. In ka ɗiga man kanumfari a farantin da aka shuka ƙwayoyin cuta, washegari za ka ga fili fes a kewayen ɗigon, babu wadda ta iya matsowa. Ranar da na fara gani na yi ta tsalle. Ta ce, "Isa, faranti ba ya shan kunu. Mutane ke sha."

Ya Falmata ce ta jawo maganar kunu, maƙwabciyar Malama a unguwar Bolewa, mai sayar da kunun aya. Da shi take riƙe da gida. In babu wuta babu ƙanƙara, kafin la'asar gorunan sun kumbura, sai zubarwa. Ta sha cewa za ta bar sana'ar, Malama na ba ta haƙuri.

Matsalar, ɗigon da ke kashe ƙwayoyin ya fi ƙarfin baki. Mun sha kunun da ke kashe harshe kamar an je cire haƙori. Duk wanda ya leƙo lab sai ta miƙa masa kofi, har abokan aiki suka koyi sauya hanya. Ni dai ba ni da wurin gudu.

Ba ta da yawan fara'a, yabo kuwa sai dai ka ji a bakin wani. Amma ta lura ba na karyawa kafin in fito, sai ta riƙa zuwa da masa, ta ce ta yi mata yawa.

Lokacin da mahaifina ya kwanta a Danchuwa ita ta kore ni gida. Ta ce ƙwayoyin cuta ba sa ƙarewa, uba kuwa ɗaya ne.

Makon jiya muka haɗu na ƙarshe. Ta rage kanumfari, ta haɗa da citta, kunun ya kai magariba lafiya lau, kuma yana shawuwa. Na ce mu je mu gaya wa Ya Falmata. Ta ce a'a.

"Sau ɗaya sa'a ce. Yara ke shan kunun nan. Sai mun maimaita, mun tabbatar ba ya cutarwa."

Na ji haushi, ban kuma ɓoye ba. Ta ce in je in wanke kwalabe.

Ɗazu a gidan rasuwa Ya Falmata ta tare ni a ƙofa. Bayan mun yi wa juna gaisuwa sai ta ce, "Malam Isa, to ni yanzu in sayar da kulolina ke nan?"

Na san haɗin. Yana nan a bakina. Na ce, "Ya Falmata, ba mu gama ba. Ki aiko mini da kunu gobe da safe, zan ci gaba."

Ta dube ni ta ce, "Kai ma ta koya maka taurin kan." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. A nan ne na ji mutuwar sosai.

Allah Ya gafarta wa Malama, Ya yalwata mata kabarinta, Ya ba iyalinta haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ya haɗa da ni Allah Ya ba ni ikon ƙarasawa.