Dutsen Kaka Mai Gane Jini

A gidanmu na Agege, da an ɗauke wuta bayan magariba sai mu zagaye murhun gawayin Kaka, tana gasa mana masara. Mace ce mai tsoron aska ƙwarai. Tun suna 'yan mata wanzami ya yi wa ƙanwarta ƙaho don cire mataccen jini, jinin ya ƙi tsayawa har ta rasu. Daga nan ko allura Kaka ba ta ƙara yarda an yi mata ba.

"Ku matso, 'yan nema, ga ta nan tafe," haka take farawa.

Wai a wani gari duk wanda ya kwanta ciwo sai an tsaga shi a ga jininsa, baƙi ne ko ja. Sai wata tsohuwa ta zo da mayen ƙarfe, dutsen nan mai jan allura, tana ɗora shi a yatsan mara lafiya. Jinin da ya ƙoshi da iska ba ruwansa da dutsen, wanda ya gaji kuwa sai ya karkato wajensa. Nan take ta gane mai bukatar magani, ko ɗigo bai zuba ba.

Ni sarkin gardama na ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyo na manna a hannuna, ya faɗo.

"Kaka, ƙarya ne!"

"Ke Bilki, ci masararki ki ƙyale ni."

Bayan na girma numfashinta ya fara sarƙewa. Da ƙyar muka kai ta asibiti a Idi-Araba, ta ƙudundune hannuwanta cikin mayafi.

"Wallahi ba mai tsaga ni!"

Hankalina ya tashi, na ga za mu rasa ta a kan taurin kai. Wata nas ta nuna mata wani ɗan abu kamar abin maƙale shanya, ta ce, "Mama, ba allura." Baƙin lallen yatsunta ya hana shi aiki, sai aka maƙala mata a kunne. Ya nuna iskar jininta ta yi ƙasa, nan da nan aka sa mata robar iska a hanci.

Na ba likita labarin dutsen Kaka a gabanta, ya ce mini da haske abin yake aiki, amma gaskiya ne maganaɗisu na ɗan jan jinin da ya rasa iska, kaɗan ƙwarai.

Da ta samu kanta ta harare ni. "To, wa ya ce ƙarya ne?"

Sai a ranar na gane tatsuniyar nan ba don mu take yin ta ba. Duk maraice Kaka na aika tsohuwar nan ne ta riga wanzami isa wajen ƙanwarta.