Anti Mai Tambaya da Gidan Sauro

Ranar Litinin, bakwai ga watan Maris, Allah Ya karɓi ranki bayan gajeriyar jinya, Anti Mai Tambaya. Ni sai da na kai jaririna awo asibiti na ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Sau ɗaya tak muka zauna da ke, kuma har yau na rasa dalilin da kukan ya ƙi tsayawa.

Bara kika zo gidanmu da ƙaramar na'urarki, kuna binciken yadda mata ke zama da mazajensu. Kika hango littattafan soyayya ƙarƙashin matashina, kika ce, "Ƙanwata, duk waɗannan samarin naki ne?" Na yi dariya har na ƙware.

Sai tambayoyi. Yana bincika wayarki? Yana hana ki zuwa ganin iyayenki? Ya taɓa murɗe miki hannu? A littattafaina, jarumin da ke yin haka so ne ya yi masa yawa, kuma a babin ƙarshe yakan durƙusa yana hawaye.

Muna cikin haka maigidana ya turo ƙofa. Ko ɗagowa ba ki yi ba, kika shafa fuskar na'urar, kika ce, "To, gidan sauro nawa ne a ɗakin nan?" Da kansa ya amsa, har da ƙorafin cewa namu ya yage. Na zaci kin rikice ne. Sai daga baya na gane kare ni kika yi.

Da ya fita, kika koma kan tambayoyin farko, na ce, "Anti, ban sani ba."

Kika ce, "Ita ma amsa ce, tana da gurbinta. Kuma ba ke kaɗai ba ce."

Ma'aikaciyar jinya ta ce amsoshin da kuka tattara ne suka nuna awon jarirai kaɗai ake barin da yawanmu mu je ba rakiya. Shi ya sa aka buɗe ɗakin sauraren mata a bayan sikeli, mai koren labule, ba rubutu a ƙofa.

Anti, babin ƙarshen nawa ya ƙi zuwa, hannun kuma bai daina ciwo ba. So ne wannan? Ban san sunan abin ba. Amma ranar awo mai zuwa zan ɗaga labulen nan, ko da "ban sani ba" kaɗai zan iya faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, 'ya'yanki da abokan aikinki. Allah Ya ba su haƙurin rashi. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sauƙaƙa miki tambayar kabari kamar yadda kika sauƙaƙa mana taki. Amin.