Makwancin Kakata

Wani ma'aikacin gwamnati ya hau tsani da gwangwanin jan fenti, ya ja layi a jikin rimin ƙofar gidanmu, can sama inda ko raƙumi bai isa ya taɓa ba. Ya ce nan ruwa zai kawo in an gama dam. Lokacin ko zance ban fara fita ba. Mu yara dariya muka yi. Kogin da sai mun tona yashi da rani mu samu na sha?

Kakata, uwar babana, ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon layin nan.

"To rumbu fa?"

"Zai nutse, Iya."

"Masallaci?"

"Har shi."

"Maƙabarta fa, ɗan nan?"

Sai ya hau tattara tsaninsa.

Tun ranar ba ta da hira sai ta ruwa. Muna surfe tana ba mu labarin abin da bai zo ba. Wai tarwaɗa za ta yi ƙwai a murhunta, masunta su bi ta saman ɗakin da ta haihu ba ko sallama. Wai kifi zai yi kiwo a kan mijinta da 'ya'yanta huɗu, a kamo shi a soya a kai kasuwar Karaye. Har yau ba na cin kifin dam ɗin nan, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Ta ce da babana, "Ku ku tafi tudu. Ni dai kusa da ubanka za ka sa ni. Ka ji?"

Ya ce ya ji.

"Ɗaga murya, kunnena ya mutu."

Ya ɗaga.

Aka kwashe mu zuwa wani tudu kusa da ƙauyen da ake kira Turawa, jar tsakuwa zalla, ko inuwa babu. Da damina ta rasu. Ruwa ya riga ya cinye fadama, amma ana hango kukokin tsohuwar maƙabarta a tsaye.

Liman ya ce, "Ƙasa duk ta Allah ce, a sa ta nan."

Babana ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da bakina na amsa mata."

Da hantsi suka ɗauke ta suka gangara, mu mata muka zauna karɓar gaisuwa. Wajen la'asar na ji tafiyar mutane. Na leƙa ta zana. Su babana ne, taɓo har cinya, makara a kafaɗa, kuma daga yadda suka ranƙwafa na san ba wofi take ba.

Innata ta ce da babana, "Malam, lafiya?"

"Duk inda muka sara, kafin a kai gwiwa ruwa ya cika ramin."

Bai zauna ba, bai sha ruwan da aka miƙa masa ba. Ya ɗauki diga ya zaga bayan gari, inda ba a taɓa binne kowa ba. Ita tana zaure a ajiye, mu muna jin ƙarar diga a kan tsakuwa har aka kira magariba.